Kifin da Rusdin ya juya

Tun da hantsi Sarimuna take kai da kawo a kicin ɗin gidansu da ke unguwar masunta ta garin Baubau, a tsibirin Buton. Baƙo ake jira: Rusdin, malamin makaranta ɗan Enrekang, can cikin duwatsu, wanda suka haɗu a jami'a a Makassar. Hutun sati ɗaya ya ɗauka ya shigo jirgin ruwa, a aljihunsa har da takardar wuraren da yake son gani, su ganuwar fadar sarakunan Buton da bakin tekun Nirwana. Amma abin da ya kawo shi da gaske shi ne neman yardar mahaifinta, La Hadari, don ya aure ta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kasoami, wato tuwon rogo, da gasasshen kifi. Hira ta yi daɗi. Rusdin ya cinye gefe ɗaya na kifinsa, sai ya sa hannu ya juya shi.

"Innalillahi!" in ji mahaifiyar Sarimuna, ta dafe ƙirji.

Mu nan Baubau ba a juya kifi a faranti. Zare ƙashin ake yi a ci na ƙasa, don an ce wanda ya juya kifi ya kife jirgin wani. Ga shi kuma La Maani, yayan Sarimuna, yana teku kwana biyar ke nan. Da Rusdin ya ba da haƙuri ya yi shiru, da magana ta mutu. Ina! Ana gama yi masa bayani sai bawan Allah ya kwashe da dariya.

"Haba Baba, ai wannan camfi ne! Kifin da ya riga ya gasu?"

La Hadari ya jawo kwano ya wanke hannunsa. "Mutumin dutse, ƙarasa abincinka, sannan ka koma dutsenku. 'Yata ba ta auren mai yi mana dariya."

A bakin ƙofa Sarimuna ta tare Rusdin tana kuka.

"Sori, Muna, wallahi wasa nake yi."

"Wasa? Ƙanin Baba teku ce ta cinye shi, ko gawarsa ba mu gani ba! Kuma kada ma ka ce in bi ka Makassar. In Baba ya ce a'a, to a'a ce, ko da sonka zai kashe ni."

Washegari ya kamata La Maani ya dawo. Bai dawo ba, waya kuma ba ta shiga. Kafin azahar labari ya zagaye unguwa. In Rusdin ya ratsa kasuwar kifi sai mata su riƙa zungurin juna: "Ga shi can, mai juye-juye!" Sarimuna ta daina cin abinci.

La Hadari sana'arsa kai baƙi kallon duwatsun murjani na cikin teku a ƙaramin jirginsa, amma ya ɗaure jirgin. Kullum da safe sai ya hau ganuwar fada, inda ake hango teku har ƙarshen ido, ya zauna. Baƙi suna ta ɗaukar selfi a gefensa, shi ko kallonsu ba ya yi. Rusdin ya bi shi can ya tsaya daga baya kaɗan. Rana ta gasa shi har fatar hancinsa ta soma salewa. Kullum yakan ajiye gorar ruwa kusa da tsohon, kullum a bar ta a nan. Sai a kwana na uku La Hadari ya sha.

Ran Asabar babban jirgin Makassar ya yi ƙugi ya fita daga tasha, suna kallonsa daga saman ganuwar.

"Ba jirginka ne wancan ba?" in ji La Hadari, bai waiwayo ba.

"Shi ne, Baba."

"Aikin naka fa?"

"Na kira hedimasta. Ya ce in ban zo Litinin ba, zai rubuta mini takardar gargaɗi. To ya rubuta. Ba zan tafi ba sai na ga La Maani, ko na ji labarinsa."

Tsohon ya waiwayo ya dube shi. Can ya ce, "Zauna." Rusdin ya zauna.

"Kana tsammanin ban san kifi a faranti ba ya kife jirgi ba? Na sani sarai. Allah ne mai kifewa, Shi ne mai tsarewa. Amma in ɗanka yana teku kai kana gida, me za ka iya yi masa? Bayan addu'a, babu. Sai dai ka ƙi juya kifi, ka ji kamar ka riƙe masa jirgin. Wannan ɗan abin da ya rage mana ka yi wa dariya."

Hawaye suka zubo wa Rusdin. "Ka yafe mini, Baba. Ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Kwana huɗu kana jiran mutumin da ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba. Aikin matar ɗan teku ke nan da surukin ɗan teku, kuma na ga ka iya. Ko ya dawo ko bai dawo ba, ka turo manyanka."

Ran Litinin aka jawo jirgin La Maani daga wajen tsibirin Kabaena. Injin ne ya mutu, mutanen ciki duk lafiya lau, sai yunwa. Ya sauko yana tangaɗi, ya ga wani baƙo mai salallen hanci ya rungume shi yana kuka.

"Baba, wannan kuma waye?"

"Surukinka ne. Ya fi ka shan rana."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren. 'Yan uwa, in kun shiga gidan mutane kuka tarar da abin da ba ku gane ba, kada ku yi saurin dariya, sau da yawa wani ciwo ne a ƙarƙashinsa. In kuwa kuskure ya riga ya faru, ba daɗin baki ke gyara shi ba, tsayawa ake yi tare da waɗanda aka ɓata wa rai har su huce.