Ranar Da Japhet Ya Dawo Yana Tangaɗi

"Ki dube shi da kyau, Keziah. Wannan tahiyar mai hankali ce?"

Gwaggo Talle, ƙanwar babanta, ce ta faɗa tana nuna ƙofar gida da baki. Keziah ta ajiye tsintsiyar da take kore ruwan tsakar gida da ita, ta leƙa.

Japhet ne, saurayinta. Yana tafe yana tangaɗi, fartanya na jan ƙasa a bayansa, kayansa sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi. Ruwan Agusta da aka kama tun safe bai koma yayyafi ba sai yanzu da la'asar, ga iska mai sanyi tana saukowa daga duwatsun Zuru.

"Santsi ne, Gwaggo..."

"Santsi? To. Santsin gidan burkutu ke nan."

Maganar ta taɓa Keziah inda yake mata ƙaiƙayi. A makon jiya Gwaggo ta rantse ta ga babur ɗinsa a ƙofar masu burkutu da ke hanyar Ribah. Da Keziah ta tambaye shi, ya ce fasinja ya sauke. Ta ce masa ta yarda, amma tun ranar take kwana da abin a ranta.

Shekara da shekaru Japhet yana yin golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Wannan ce daminarsa ta ƙarshe. Mahaifinta, Baba Aaron, tsohon soja kuma dattijon coci, ya yafe al'adu da yawa, amma golmo kam ko fasto bai isa ya sa shi yafewa ba. Sharaɗinsa guda ne: duk ranar da Japhet ya kai giya baki, maganar aure ta mutu. Ya ga yadda mashayi ya mayar da babbar 'yarsa Rachael, ya ce ba zai sake gani ba.

Japhet ya shigo ya jingina da rumbu. Idanunsa a lumshe, kamar mai jin barci.

"Kezi... na gama... shinka... shinkafar..."

Harshensa ya yi nauyi, kalmomin suna fita a murɗe. Ya kai hannu zai cire maɓallin rigarsa, yatsun suka ƙi kamawa.

"Zafi... zafi nake ji," ya ce, ya fara jan rigar zai tuɓe a tsakar gidan surukai.

Gwaggo Talle ta tafa hannu. "Ka ji ko? Zahi, cikin wannan sanyin. Yaya Aaron, hito ka ga surukinka."

Baba ya fito daga ɗaki da tabarau a hannu. Ya daɗe yana kallon Japhet, fuskarsa ba annuri ko kaɗan.

"Japhet, mi ka sha?"

Japhet ya kalle shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya yi wani murmushi marar dalili.

"Ɗauki fartanyarka ka hita," in ji Baba, a hankali. "Na gama magana."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Keziah. Ita da ta ƙi wani malamin makaranta, ta ƙi wani kofur ɗan Wasagu, ta zauna jiran wannan, ashe abin da za a saka mata da shi ke nan? Ba tausayi ne ya ja ta wurinsa ba, gaskiya. Haushi ne. So take ta ji warin da hancinta, ta tsani mutumin gaba ɗaya ta huta.

Ta matsa har numfashinsa ya taɓa fuskarta. Ta shinshina. Ta sake shinshinawa.

Babu tsamin burkutu, babu warin komai. Numfashin ma a hankali yake fita, kamar yana ƙyuya. Ta kai tafin hannu kumatunsa, ta janye da sauri. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Baba... babu wari."

"Akwai na kwalba da ba shi wari," in ji Gwaggo. "Akwai ƙwaya ma."

"Baba, don Allah ka taɓa shi. Jikinsa ƙanƙara ne, kuma ko rawar sanyi ba ya yi."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta tsayar da Baba. Ya sa tabarau, ya matso, ya cusa hannu cikin rigar Japhet ta wajen ƙirji. Ya duba leɓɓansa da suka yi fari-fari kamar toka, ya lalubi jijiyar wuyansa. Keziah ta ga fuskar babanta ta sauya, irin sauyin da ba ta gani ba tun ranar rasuwar mamansu.

"Yesu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mun taɓa rasa yaro a Mambila haka. Ruwa ya doke mu a kan dutse, ya dinga surutu yana tuɓe kaki, muna dariya muna cewa ya bugu. Kahin mu gane, ya tahi."

Japhet ya sulale. Baba ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

"A hura wuta a gasa shi," in ji Gwaggo. "Ko in ɗora ruwan zahi a sheƙa mishi, a murza ƙahwahun..."

"Kul, Talle. Ba wuta, ba murza. Zuciyarshi ba za ta ɗauka ba. Keziah, buɗe akwatina ki ɗauko bargon."

Bargon sojan nan, wanda ko taɓawa ba a yi a gidan. Ta ɗauko da gudu. Baba ya ɗauki Japhet a hankali kamar ƙwai, ya kai shi ɗakinsa, ya sa matan suka juya baya ya cire masa jiƙaƙƙun kayan, ya goge shi, ya naɗe shi har ka.

"Keziah, kira maƙwabci ya kawo mota. Ki dama kunu da sukari, mai ɗumi ba mai zahi ba. Kada a ba shi sai ya iya haɗiya."

Da ta dawo da kofin kunun, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Baba Aaron, wanda ko kwano ɗaya bai taɓa haɗawa da Japhet ba saboda kunyar surukuta, ya cire rigarsa ya shiga cikin bargon, ya manna ƙirjinsa da bayan yaron, ya rungume shi.

"Kada ka yi barci, Japhet. Yi mani magana. Ina sauran abokan golmonka?"

"Sun... gudu... ruwa..."

"Kai mi ya hana ka gudu?"

"Ka ce... kafin Lahadi..."

Baba ya rufe ido. Shi ne ya ce a gama ciyawar shinkafar fadama kafin Lahadi, alhali ya san yaron bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Wuni guda Japhet yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, sama na dukansa, ciki ba komai.

Can sai jikin Japhet ya fara karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Keziah ta tsorata, ta kalli babanta.

"Gode wa Allah," in ji Baba. "Jikin ya tashi faɗa."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce ɗumin jikinsa ya sauka ƙasa ƙwarai, kuma irin wannan yakan rikita mutum har a ɗauka maye ne. Da an kore shi ya kama hanya a haka, in ji ta, wataƙila a gefen titi za a tsince shi. Gwaggo Talle ta koma lungu ta yi ta share hawaye da bakin zane.

Da safe Japhet ya farka da hankalinsa. Keziah tana zaune a gefen gado, idanunta jajir.

"Masoyiya," ya ce, murya a dashe, "na manta kusan komai na jiya. Abu ɗaya nake tunawa, kin matso kusa da ni sosai. Na ɗauka rungume ni za ki yi a gaban Baba."

Ta sunkuyar da kai. Da za ta yi shiru, da ba wanda zai taɓa gaya masa.

"Bakinka na je shinshinawa, Japhet. Na ɗauka ka sha."

Ya juyar da fuska wajen bango. Wannan ya fi mata duka ciwo.

"Har ke, Kezi?"

"Har ni... Ka yafe mini."

"Ranar nan fasinja na sauke."

"Na sani. Yanzu na sani."

Sannan hannunsa ya fito daga cikin bargon ya nemi nata. Da ɗumi.

Gyaran murya suka ji. Baba ne a bakin ƙofa, riƙe da kwanon abinci, yana kallon ko'ina ban da su. Keziah ta yi saurin zare hannunta.

"Shinkafar ni zan ƙarasa sauran ayyukanta," ya ce. "Golmo ya ƙare. Ka turo manyanka mu sa rana."

Japhet ya yunƙura zai tashi, yana ƙoƙarin yaye bargon ya mayar masa. Baba ya ɗaga hannu ya hana shi.

"Bar shi a jikinka, ɗana. Ku tahi da shi ɗakin aurenku."