Kaza Mai Jan Zare

Hantsi ya fara ɗagawa aka bugo wa Sufeto Nuraddeen waya a ofishin 'yan sanda na Anka. An ciro gawa daga ramin zinariya a dajin bayan Sunke, kuma in bai yi sauri ba gawar za ta zama biyu.

Mai wayar bai yi ƙarya ba. Da motar ta tsaya, Sufeto ya tarar da mahaƙa sun yi da'ira, kowa da diga ko shebur a hannu. A tsakiyarsu ga wani siririn Bafulatani ɗaure a jikin itacen ƙirya, jini na bin gefen bakinsa. Sunansa Modibbo. Ɓarayi ne suka kore masa shanu, ya dawo riƙon igiya a bakin rami.

"Shi yak kashe Naziru!" in ji wani daga cikin taron. "Hura ya ba shi kahin shi sauka!"

Sufeto ya tsani shari'ar taron jama'a, wadda ake yanke hukunci kafin a ji bahasi. Ya tsayar da kofur ɗinsa da bindiga a gaban itacen, ya nufi gawar.

Babu rauni ko ɗaya. Igiya na nan ɗaure a ƙugu. Leɓunan mamacin kuwa sun yi wani irin ja, kai ka ce goro ya ci. Sufeto ya taɓa ganin irin wannan, a ɗakin wasu da suka kwana da janareta.

Ya dawo wurin Modibbo. "Ka ba shi fura?"

"Awo, yallaɓai. Ƙwarya guda munka sha, ni da shi."

"Sai me ya faru?"

"Ya sauka shina waƙa. Sai nij ji shiru. Na kira, na kira, sai nij jawo shi."

"Kai kaɗai?"

Modibbo ya buɗe tafukansa. Igiya ta saɓule fatar gaba ɗaya, sai jan nama. Sufeto ya kau da kai, don abin ya sosa masa zuciya.

Mai ramin, Yahaya, yana zaune a kan buhun dutse yana jan carbi da ƙarfi yadda kowa zai gani. Tun kafin a tambaye shi ya fara karanto dokokin ƙungiyar mahaƙa kamar mai biya hadda: injin zuƙar ruwa ba ya shiga rami saboda hayaƙi, ba a sauka ba igiya da mai riƙonta, kuma kowace safiya sai an zura kaza a kwando, in ta fito da rai sannan mutum ya bi.

"Duk na cika su, ranka shi daɗe. Ni da kaina nig gwada tun da asuba, kahin su iso. Ga ta nan, lahiya lau."

Wata baƙar kaza ce a kwando, tana ta tsattsagar dawa abinta.

Sufeto ya tsuguna gaban injin, wanda aka jingine nesa da rami. Ƙafafunsa sun yi dumu-dumu da farin yumɓu, alhali ƙasar wurin ja ce. Ya ɗaga mesar da ke zuƙo ruwa.

"Zurfin ramin nawa?"

"Gaba goma sha ɗaya."

"Wannan mesar ko gaba huɗu ba ta kai ba. Da me ta taɓo ruwan?"

"Akwai wata doguwa. An ara."

"Wa ya ara?"

Yahaya ya duba gabas, ya duba yamma, sunan ya ƙi zuwa.

Hayaniyar taron ta ƙaru. An ce 'yan'uwan Naziru sun taso a kan babura, kuma kofur ɗaya ba zai tare su ba. Sufeto ya san yumɓu da mesa ba za su kwance Modibbo ba, muddin kazar nan tana tsattsaga a gaban kowa.

Ya tambayi inda kazar gwaji ke kwana. Aka nuna masa rumfar Habsu mai tuwo, wata dattijuwa da ta juya wa taron baya tana tuƙi kamar da tukunyar take faɗa.

"Inna, ke ke kiwon kazar gwaji?"

"Ni ba ruwana da zancen maza."

"Za a kashe wancan bawan Allah yanzu, kina ji kina gani."

Muciyar ta tsaya. Habsu ta ɗaga wata tasa da ke kife a bayan murhu. Farar kaza ce a yanke, da jan zare ɗaure a ƙafarta.

"Wagga ita ta ta gwaji. Zaren don kar a yanka ta bisa kuskure. Da sassahe yak kawo min ita, wai in sa a miya, ta karye ne. Ɗana, na tsufa ina higar kaji. Dubi wuyan, ko ɗigon jini bai zuba ba. Bayan ta mutu anka sa mata wuƙa. Ni ban ciyar da Musulmi mushe."

"Baƙar fa?"

"Tawa ta. Ya ce aro."

Sufeto ya girgiza kai. Mutum ya iya tura ɗan mutane cikin hayaƙi, amma ya kasa jure asarar kaza guda!

Ƙarar babura ta fara jiyowa lokacin da ya dawo bakin ramin, hannunsa ɗaya a baya. Ya kwance igiyar daga ƙugun gawar, ya miƙa wa Yahaya.

"Tunda iskar lafiya lau ce, ɗaura. Sauka ka ɗauko mana digar Naziru."

Yahaya ya leƙa ramin, gumi ya karyo masa, ya ja da baya.

"Ƙahwata na ciwo, yallaɓai."

Sufeto ya jefa farar kazar a gabansa. Babu mahaƙin da bai san jan zaren nan ba.

Carbin ya suɓuce. Yahaya ya durƙusa. "Mun ga jijiyar zinariya jiya, ga hadari na haɗowa. Na zura injin ciki yak kwana shina aiki. Da kazar tam mutu na ce bari rana ta hito, hayaƙin shi baje. In na hwaɗi, ƙungiya ta ruhe ramin. Wallahi ban nuhe shi da mutuwa ba."

"Modibbo fa? Kana zaune kana jan carbi ana dukansa."

Kofur ya buga wa Yahaya ankwa, ya tura shi mota kafin digogin su juyo kansa.

Sufeto da kansa ya kwance Modibbo. Yayan Naziru, wanda ya sauko daga babur da adda a hannu, ya ji abin da ya faru, ya yar da ita. Ya matso a sanyaye ya miƙa hannu su gaisa.

Modibbo ya ɗago tafukan nan nasa. Babu inda za a kama.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Na ja iyakar ƙarhina."