Farin Alli da Mai Goge

Ranar da Malama ta shigo shagon gyara rungume da kwamfutarta, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Don Allah malam, fankarta ce ta tsaya. Ka yi a hankali, akwai aikin da ke ciki."

Mai gyaran ya ɗago, ya ga doguwar budurwa da garin alli a hannun rigarta. Ya kwance akwatin, ya hure ƙura, ya sa sabuwar fanka, ya kunna. Sai ga layukan lambobi suna gangarowa, a samansu sunan mai aikin: Farin Alli.

Ya san sunan nan sarai.

"Wannan kuma mene ne?" ya tambaya, wai shi bai sani ba.

Ai kuwa ya taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ja kujera ta zauna.

"Wata lamba ce, tsawonta lambobi ɗari biyu. Lambobi biyu aka ninka suka ba da ita, ba wanda ya san su. Mu wajen arba'in ne a wani zaure na intanet muke nemansu. Amma kafin dubban kwamfutoci su shiga tankaɗen lambobi wata da watanni, sai an samo polinomiyal mai kyau."

"Poli me?"

Ta yi dariya. "Wata 'yar ƙa'idar lissafi ce, ita ce rariyar da za a yi tankaɗen da ita. Kowa ya kama yankinsa ya bincika, ya kawo wadda ya samo, manhaja ta ba ta maki. Mafi maki ake ɗauka, a rubuta sunan mai ita kusa da lambar."

"Ke an taɓa rubuta naki?"

Nan fara'arta ta ɗauke. "Sau uku ina samo mafi kyau. Sau uku wani wai shi Mai Goge yana ɗaukar tawa, ya sake juya ta a injinsa, makin ya ɗan ɗaga, a rubuta sunansa. Wallahi da zan gan shi!"

Ga shi kuwa a gabanta, riƙe da sukudireba. Da ya faɗa a lokacin, da kowa ya huta. Amma ina! Idanun nan nata sun riga sun ɗaure masa baki.

Washegari saƙonsa ya shigo wayarta.

"Farin Alli, ya jikin mara lafiyarmu?"

"Zafi ya sauka. Ta ce a gode wa likitanta."

"Likitan yana so ya zo dubiya."

"Mara lafiyar a gidan Babanta take. Sai ka nemi izini."

Baban nata kafinta ne, rumfar aikinsa na bayan gida. Shekara ashirin ya yi yana ƙera wa wani kanti kujeru, su kuma su manna tambarinsu a kai. Tun da ya bar su, duk abin da ya ƙera sai ya kifa shi ya buga alamarsa a ƙasa. Ya karɓi mai gyaran ba yabo ba fallasa.

"In kun gano lambobin, me za ku yi da su?"

"Ba komai, Baba. Mu dai mu san su," in ji Malama.

"Ikon Allah," in ji Baba, ya ci gaba da feƙe fensirinsa.

Wata huɗu abin yana tafiya lami lafiya. Tana tashi daga makaranta sai ta biya shago, su duba makin ranar tare, ta yi wa Mai Goge tatas, shi kuma ya sunkuyar da kai cikin wayoyi.

To akwai wani Injiniya a zauren, mai kwamfutoci ashirin, wanda shi ma yake neman aurenta, ya zo gaida Baba har sau biyu. Wata rana ya kawo gyara shagon, idonsa ya faɗa kan allon mai gyaran a buɗe. Ya ga sunan Mai Goge a kai, ya ɗauki hoto ya tura wa Malama.

"Kai ne Mai Goge?" ta rubuta wa mai gyaran.

"Ni ne."

"Wata huɗu ina zaginka a gabanka kana saurare!"

"Na ji tsoron rasa ki ne. Kuma kullum ina rubutawa a ƙasa cewa taki na goge."

"A ƙasa. Jerin sunaye ba ya ɗaukar abin da ke ƙasa. Kada ka sake kirana."

Ta yi kuka sosai, don tana sonsa, ba ta kuma ɓoye wa Baba dalili ba. Baba ya ajiye zarto.

"Wanda zai goge kujerar wani ya manna sunansa, ba zan ba shi 'yata ba. Magana ta ƙare."

Saura kwana huɗu a rufe karɓar polinomiyal, kwamfutarta ta samo wata polinomiyal da ta zarce ta kowa, har ta Injiniya. Ta saka a zaure. Shugaban zauren ya yaba, sannan ya rubuta kamar yadda ya saba: "Mai Goge, a gwada gogewa." Kafin yamma ga gogaggiyar ta fito, makinta ya ɗara nata.

Malama ta rufe kwamfutar. Ashe har yanzu bai daddara ba.

Abin da ba ta sani ba, ya rufe shago kwana uku. Ya jona duk injinan da yake da su, ya yi ɗan tankaɗen gwaji da kowace, nata da nasa, ya ƙirga abin da kowace ta tace. Ranar rufewa da safe ya rubuta a zaure:

"Kada a ɗauki tawa. Makinta ya fi, amma na gwada su a aikin gaske, ta Farin Alli ta fi ta da kashi huɗu cikin ɗari. Na koma na gwada ukun baya ma. Biyu gogewar ta amfane su, ɗaya ta rage mata, na sa ku aikin kusan sati biyu a banza. Ku yafe ni. Dukansu ita ta samo su, ina roƙon a gyara jerin."

Ta karanta sau uku, sannan ta ɗauki wayar ta nufi rumfa ta karanta wa Baba. Ya sa ta maimaita masa wajen kashi huɗun.

"Wato ta yi sheƙi amma ta sirance," ya ce. "Na san wannan, na taɓa lalata katako haka. To wa ya tilasta shi ya faɗa?"

"Ba kowa, Baba."

"Da ya yi shiru, wa zai sani?"

"Ba kowa."

Baba ya daɗe yana shafa gefen wani katako da babban yatsa. "Kira min shi."

Ta rubuta masa: "Ɓarawon makina, Baba na nemanka."

"Da zarto ko ba zarto?"

"Ka zo dai. Na yi kewarka."

Da ya zo, Baba bai yi masa dogon jawabi ba. Ya miƙa masa samfefa, ya nuna masa wani sabon tebur. "Tunda ka iya goge, bismillah. In ka sirantar min da shi, ka koma shagonka."

Asabar shida yana zuwa, yana gogewa yana tsayawa ya auna, Malama na leƙe ta taga tana dariya.

Tankaɗen ya ci wata biyar. Lambobin biyu suka fito ana saura sati ɗaya ɗaurin aure, a jerin kuma aka rubuta Farin Alli. Injiniya ma ya turo barka, gajeriya dai.

Ranar da aka kai amarya, teburin nan na tsakiyar falonsu. Baba ya ce a kifa shi. A ƙasa ga alamarsa ta kullum, a gefenta kuma, daidai da ita, ya sassaƙa: Mai Goge.

"Ni na ƙera, shi ya goge," in ji Baba. "Ku dube su da kyau, ba wanda ke ƙarƙashin wani. Haka nake so ku zauna. Allah ya yi muku albarka."

Ango ya shafa sunan da yatsa. Amarya ce ta ce amin, ta kama hannunsa da ya yi kanta saboda gugar samfefa.