Filastar Kafaɗar Baba

A wata unguwa ta Dakoro akwai wata yarinya ƴar aji huɗu. Babanta, Malam Abarci, ɗinkin bakin buhunan wake yake yi a kasuwanni. Shekara ashirin yana shan sigari. Tari ya ci ƙarfinsa, har in ya yi dariya sai ya dafe ƙirji.

Majo Agali, ma'aikacin jinya a gidan likita, ya ce masa, "Abarci, in ba ka bar taba ba, ƙirjin nan ba zai kai ka nesa ba."

Ya rubuta masa wata filasta, aka sayo daga Maradi. Ya ce, "Kullum da safe a cire tsohuwa, a manna sabuwa. Tana rage ƙishin taba, kuma babu hayaƙi."

A bayan kafaɗa ake manna ta, inda Baba ba ya gani. Sai ya ce wa yarinyar, "Ɗiyata, daga yau ke ce likitata."

Kowace safiya ta manna masa, ta ja layi da alli a bangon zaure. Layi ya kai goma sha ɗaya. Tari ya fara sauƙi.

A rana ta goma sha biyu yarinyar ta makara, ga jarrabawar lissafi. Ta nemi almakashin yanke ledar filasta, ta rasa. Sai ta ji an buga ƙarfen lakwal, wato makarantarsu. Ta ɓare tsohuwar, ta mayar da ita ɗaya kafaɗar, ta danna. Sabuwar kuwa ta jefa cikin jaka.

"Kin sa?" in ji Baba.

"Na sa, Baba."

Ya tafi kasuwar Kornaka. Bayan la'asar ya dawo, kansa a sunkuye.

Inna Uwale, uwar yarinyar, ta tarbe shi da ruwa, sai ta tsaya cik. "Malam, wane wari nake ji?"

"Taba kara uku na sha," in ji shi. "Tun hantsi hannuna ke rawa. Sau biyu basilla ta soke ni. Ko maganin ne na banza, ko ni ne ba ni da zuciya."

Ya ɗauki tsumma ya goge layukan bango da kansa. Yarinyar tana kallo.

Da safe ta zo da filasta. Ya ce, "Bar shi, ɗiyata. Babanki ya kasa."

Kwana uku hayaƙi na tashi a zaure. Tari ya dawo, har ya fi na da. Inna tana daka tana share ido da gefen zane. Yarinyar ko hura ba ta iya sha.

A lakwal, tana ciro kayenta na rubutu daga jaka, ledar filasta ta faɗo ƙasa. Malaminsu, Mushe Samba, ya tsinta.

"Wannan fa?"

Sai kuka. Ta faɗa masa komai.

Mushe ya ce, "Babanki yana can yana zargin kansa da laifin da ba nasa kaɗai ba. Wa ya san gaskiya?"

"Ni kaɗai, Mushe."

"To, wa zai faɗa masa?"

Da aka tashi, ta tarar da Baba a zaure. Ta durƙusa, ta ajiye ledar a gabansa.

"Baba, ran Kornaka ban sa maka sabuwa ba. Tsohuwa na mayar. Ƙarya na yi."

Ya daɗe yana juya ledar a hannu.

"Ashe ba maganin ba ne," ya ce a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. "Kin yi kuskure. Amma ni na kunna ashana, ba ke ba. Tashi ki nemo alli."

Suka koma wurin Majo, ya ce a sake farawa. Inna ta ɗaure almakashi da zare a jikin ƙusa. Wani lokaci ƙishin taba yakan taso, Baba ya ciji haƙori ya dubi bango.

Ranar da layi ya kai sittin, ya yi dariya mai tsawo, bai dafe ƙirji ba.

"Likita," ya ce, "me kika koya?"

Ta ce, "In an ba ni amana, in yi ta daidai. In na yi kuskure kuma, in faɗa da wuri, kafin ya cuci wani."