Baƙin Mai a Gindin Katanga

Ranar Laraba da almuru makanike ya shigo da motar wani cikin gida, don gareji ya cika. Ƙaramin injin fetur ne, silinda huɗu, amma turbo, na'urar da ke tura masa ƙarin iska, ya sa yana ja kamar babba. Ciwonsa sananne ne: shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, da wani siririn fito in an taka. Shi da kullum yake yi wa masu mota huɗuba su bar turbo ya huce kafin su kashe, ranar bai jira komai ya huce ba. Ya kwance noti, ya tari man yana tururi, ya watsa a gindin katanga ana kiran salla. Sai da man ya taɓa ƙasa ya tuna bai yi bisimilla ba.

Washegari da magariba aka fara jifa a kan kwano. In an duba, notuna ne, da ɗuminsu. Sannan Auta, 'yarsa, ta daina magana. Fito kawai take yi, siriri, yana hawa, irin na turbo mai shirin mutuwa.

Uwar ta ɗora wa kanta. "Ni na aike ta kwashe shanya da magariba," take ta faɗa, tana kuka. Makanike yana ji. Ya ci gaba da wanke hannu.

Malamin da aka kira tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya yi ta karatu har yarinyar ta tashi zaune, muryar wata mace ta fito daga bakinta, a dishe.

"Me aka yi miki?" in ji malam.

"Tambayi maigidan. Jaririna na kwantar a gindin katangar nan. Har yau fatarsa saɓulewa take."

Uwar ta juyo a hankali. "Baban Auta?"

Bai ɗago ba.

"Bai gan ku ba," in ji malam.

"Don me ake ambaton Allah kafin a zuba? Ya sani sarai. 'Yarsa a bakin ɗana."

"Yarinya ba ta zuba komai ba. Ki ji tsoron Allah, ki sassauta."

Sai muryar ta ce:

"To, a ba ni hannun da ya zuba."

Malam ya buɗe baki zai ƙi, makanike ya riga shi. "Ɗauki, baiwar Allah."

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido.

"Baba, ruwa."

Ya ɗebo da hannun dama, yatsun suka ƙi riƙewa, kofin ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu.