Saƙon da Mubina Ta Riƙe

"Sake kunnawa!"

Mubina ce ta faɗa. Hannunta duk ƙullun masa ne, idonta kuwa na kafe a kan wayar Rawan.

"Haba habibti, sau uku fa kenan," Rawan ta faɗa tana langaɓe kai. "Ni wallah don kar ki ji a bakin mutanen unguwarmu ta Mansur ne na rugo."

Ta rugo kam, amma sai da ta tsaya ta zizara kwalli ta fesa turare. Rawan 'yar maƙwabtansu ce, tun suna 'yan mata ƙanana take son Hafizu, shi kuwa ko sunanta bai cika riƙewa ba.

Ta sake dannawa.

Hafizu ne dai. Hafizunta, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure. Yana zaune gaban 'yan jarida cikin rigar ƙungiyar ƙwallon da yake buga wa a Beljiyam, yana magana da Faransanci, an rubuta fassarar da Larabci a ƙasa. Ya ce ya gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce shi namiji yake so, haka ya tsinci kansa tun tasowarsa. Can ƙarshe ya ɗago ido, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Inna... Mubina... ku yafe mini."

Ludayin hannunta ya faɗi ƙasa.

"Sunana ya kira..." ta ce a hankali. "A gaban duniya ya kira sunana!"

"Ke ma kya faɗa," in ji Rawan. "Shekara shida kina gadin abin da ba naki ba."

Mubina ba ta ji ta ba. Masar da ke kan tanda ta ƙone ƙurmus.

*

A Makka aka haifi Hafizu, ba shi da takarda ko ta ƙwaya ɗaya. Da ya tasa, tura keken tsofaffin alhazai yake yi tsakanin Safa da Marwa, da yamma kuma ya buga ƙwallo ba takalmi a filayen unguwar Ka'akiyya. A nan Mubina ta fara ganinsa, a nan zuciyarta ta tafi ba ta dawo ba. Yana shekara goma sha tara ya miƙa kansa ga jami'an tarhil, masu mayar da marasa takardu ƙasashensu, don a kai shi Nijar ya gwada sa'arsa. Aka ɗauki hoton yatsunsa, aka rufe masa ƙofar dawowa. Daga Yamai ƙafarsa ta kai shi Turai.

Mahaifiyarsa, Inna Zali, ta ƙi binsa. Ta ce ita tun daga Maraɗi ta zo don ta mutu a Makka, ba inda za ta. Kuma ba ta iya wayar shafe-shafe ba, ta ce yatsunta na tuƙin tuwo ne. Don haka kowace Juma'a bayan an sauko, Mubina ke shiga mota har Ka'akiyya, ta kunna mata saƙon muryar ɗanta, ta ɗauki amsarta ta tura masa. Shekara shida ba fashi. In ba ta wayar Mubina ba, uwa da ɗa ba su da hanyar jin juna.

Kafin La'asar ta ranar, labari ya gama Mansur. Samarin da jiya suke yawo da riguna masu lambarsa suka tara su a bakin layi suka cinna musu wuta. Masu shayi suka sami abin hira, har da waɗanda ba su taɓa kallon ƙwallo ba. A can Turai ma an ce filin wasa rabuwa ya yi biyu, wasu na tafa masa, wasu na jifansa da robar ruwa.

Abbanta ya shigo gida fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ba ni wayar nan."

"Abba..."

"Khalas! Na warware maganar auren. Ki toshe lambarsa yanzu a gabana. Kuma kar na ji ƙafarki ta sake taka Ka'akiyya."

Ta toshe. Ba don tsoron Abba kaɗai ba, gaskiyar magana. Zuciyarta tafasa take yi, so take shi ma ya ɗanɗana. Ta tuna sau nawa ya ce mata, "Mubi, akwai maganar da nake so mu yi," ita kuma ta yi dariya ta ce ya adana sai sun haɗu. Tunawar ma ƙara mata haushi ta yi.

*

Juma'a ta zagayo. Ta rantse ba za ta je ba, amma ana saukowa ta tsinci kanta tana saka abaya. Ta ce wa Ummanta za ta kai masa gidan wata mata. Umma ta dube ta, ta dubi kular da ba komai a ciki, ta kau da kai.

Ɗakin Inna Zali a saman wani tsohon bene yake. Da can ba ya rabuwa da mata masu sayen tuwo, yau ko takalmi ɗaya babu a ƙofa. Tsohuwar na kwance, ta rame a kwana biyar kamar wadda ta yi shekara tana jinya.

"Ɗiyata, kin zo?"

"Na zo, Inna."

"Ya aiko?"

Mubina ta sunkuyar da kai. "Bai aiko ba."

Inna ta ci gaba da jan carbinta.

"Sun zo sun gaya mini," ta ce. "Har da masu cewa in tsine mishi. Wai in ɗaga nono in yi mishi baki."

"Inna, ya ci amanarmu!" Kukan da take dannewa ya ƙwace. "Me na yi masa? Na ƙi kowa saboda shi! Yanzu in na fita nuna ni ake yi da baki..."

Inna ta jawo ta jikinta, tana shafa bayanta da busasshen hannunta.

"Ya cuce ki, ɗiyata, ba ni musu. Ni ma ban ji daɗi ba, ban kuma gane ba. Amma ni na haife shi a ɗakin nan, ba ungozoma, ba likita. Abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi, su biyu ne, ban iya shiga. Wanda ke tsakanina da shi kuwa..." Ta tsaya ta yi tari. "Ki gaya mishi na yafe mishi, duniya da lahira. Ki ce ina son in ji muryarshi. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

Ta ji ɗin, amma ba ta isar ba.

A mota ta fito da wayar, ta kalli sunansa, ta mayar jaka. Ya kwana biyu cikin wuta tukuna, ta raya a ranta. Shi kenan sai a yafe masa cikin sauƙi, ita a bar ta da ƙuna? Sati mai zuwa ta faɗa masa.

Sati ya zo.

"Kin gaya mishi?"

"Na gaya masa, Inna."

"Mi ya ce?"

"Bai... bai ce komai ba."

Tsohuwar ta juya fuskarta bango. "To. Wataƙila kunya yake ji. Ki sake gaya mishi."

Ƙarya irin wannan, ta farkon ce mai wuya. Juma'a ta uku ma haka aka yi. Mubina na fitowa ta zauna a matakalar bene ta yi kuka har ta gode Allah, tana jin tsanar kanta, amma girman kai ya hana yatsanta danna waya. Son da take masa bai mutu ba, shi ne ma abin da ya fi ci mata rai.

*

Ranar Talata da Azahar, tana wanke tanda, sai ga Rawan. Wannan karon ba kwalli, ba turare.

"Mubina... Inna Zali ta rasu da safe. An tafi da ita Harami, bayan La'asar za a yi mata salla."

"Ƙarya kike!"

"Wallahil azim. Maƙwabciyarta ta ce har ta cika tana tambaya ko yau Juma'a ce."

Mubina ba ta san sanda ta zari abaya ba. Abba na zaune a ƙofa, ya daka mata tsawa, "Ina za ki?"

"Jana'izar Inna, Abba. Ka yi haƙuri, in na dawo ka yanka ni."

Bai hana ta ba.

A cikin mota ta cire toshewar. Saƙonni suka riƙa shigowa suna ture juna, har arba'in da ɗaya. Ta kara na farko a kunne.

"Mubi, ki saurare ni don Allah. Wata jarida ce ta sami hotunana, suka ce gobe za su buga. Na ga gara ku ji daga bakina. Na so in fara faɗa miki, tsoro ya hana ni..."

Ta danna wani.

"Ban yi miki ƙaryar ƙauna ba. Duk duniya bayan Inna ba wanda nake ji kamarki. Na yi azumi, na yi addu'a in zama mijin da kika cancanta, ban iya ba. Da na aure ki a haka, da na kashe ki a tsaye."

Ta danna na jiya.

"Ba sai kin yafe mini ba. Ki kai wa Inna wayar kawai, ko zagina ne ta yi in ji. Shirun nan nata zai kashe ni, Mubi. Ta tsine mini ne?"

Ta toshe bakinta da gefen mayafi. Matar da ke kusa da ita ta miƙo mata ruwa, ta kasa karɓa.

Ta isa Harami ana tayar da iƙama. Ta kutsa sahun mata, ta yi La'asar ɗin da ba ta san me ta karanta a ciki ba. Ana sallamewa ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Mubi! Alhamdu lillah! Kina wajen Inna? Ba ta wayar, don Allah ba ta..."

Ta kasa magana. Sai lasifikan Harami suka yi maganar a madadinta, da sanarwar da duk ɗan Makka ya sani tun yana goye.

"Assalatu alal amwat, yarhamukumullah."

Salla ga mamata.

Shi da ya tashi yana jin wannan kira sau biyar a rana, ba ya buƙatar fassara.

"Mubina... wa ya rasu?"

"Ka tashi tsaye, Hafizu," ta ce cikin kuka. "Ka fuskanci alƙibla. Za a yi wa Inna salla."

Wani irin sauti ya fito daga bakinsa, wanda ba za ta manta ba har ta mutu. Liman ya yi kabbara. Ta riƙe wayar a ƙirjinta, a ƙarƙashin hannayenta, tana jin muryarsa can ƙasa-ƙasa yana bin kabbarorin ɗaya bayan ɗaya, har huɗu.

Aka sallame. Ta hango maza daga nesa sun ɗauki makara uku suna sauri da su. Ba ta san wacce ce ta Inna ba.

"Ta tafi tana fushi da ni," ya ce, muryarsa a dishe. "Ko kalma ɗaya ba ta aiko mini ba."

Nan ne Mubina ta ga hanya biyu. Tana iya cewa da safen nan Inna ta bar sallahu, ba wanda zai taɓa ƙaryata ta. Ta runtse ido.

"Ta aiko, Hafizu."

"Me?"

"Yau kwana goma sha takwas. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce tana so ta ji muryarka. Ni na riƙe saƙon." Ta share hawaye. "Kullum sai ta tambaye ni me ka ce, in ce ba ka ce komai ba. Ni ce... ni na raba ku!"

Tana jin kukansa, tana jiran zagi, tana ma roƙon ya zage ta.

"Ta yafe mini?" ya tambaya kamar ƙaramin yaro. "Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta."

"Maimaita mini yadda ta ce. Yadda take magana."

Mubina ta share hanci, ta kwaikwayi Hausar Maraɗin tsohuwar. "Ki gaya mishi na yafe mishi, duniya da lahira."

"Sake faɗa."

Ta sake. Sau uku yana sa ta tana maimaitawa.

"Ni na fara cutar da ke, Mubi," ya ce daga ƙarshe. "Ba ni da bakin riƙe ki. Na yafe miki. Ke fa?"

"Na yafe maka, masoyina." Karo na ƙarshe kenan da ta kira shi haka, su biyun kuma sun sani. "Amma ita wa zai gaya mata ka amsa?"



Wata ma'aikaciya ta taɓa kafaɗarta. "Yalla ya hajja, a ba da hanya."

Ta miƙe da ƙyar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Mubina ta shiga motar Ka'akiyya. Maƙwabciyar ta buɗe mata ɗakin. An naɗe katifar, carbin na rataye a ƙusa. Ta zauna a inda ta saba zama, ta ajiye wayar a kan tabarma, ta kunna saƙonnin tun daga na farko.

"Ga shi, Inna," ta ce. "Ya aiko."