Khalamonin Shiuli

Ranar da Mizan ya fara ganin Shiuli, bakinsa cike yake da tsiya. Yana kwance a gidan hayar ɗalibai a birnin Rajshahi ya ji motsin tukwane, sai ya ɗaga murya kamar kullum.

"Khala! Yau ma miyar waken nan ce tsararo kamar ruwan kogi? Ki ji tsoron Allah!"

Mai motsin ta leƙo, ashe ba dattijuwar ba ce. Budurwa ce siririya, da ludayi a hannu.

"Khalamonina zazzaɓi take yi, ni na zo madadinta. In kogin bai yi maka ba, ga ludayi."

Mizan ya tashi zaune da sauri. A garin nan duk mai dafa wa ɗalibai abinci Khala ce, haka mai tallan ganye a bakin titi, suna ne da ake jefa wa macen da ba a damu da sanin sunanta ba. Amma Khalamoni sai 'yar'uwar uwa ta jini, wadda ka yi fitsari a cinyarta, shi ya sa ake liƙa mata "moni", wato lu'ulu'u. Mizan bai taɓa kawowa a ransa matar da suke yi wa ihu lu'ulu'un wani ce ba. Sunanta ma sai ranar ya sani, Monowara. Ita ta ɗauki Shiuli tun tana cikin tsumma bayan rasuwar uwarta, da wankin tukwane ta kai ta makarantar koyon jinya.

Kafin wata ya zagayo, waya ta ɗauki zafi.

"Shiulina, miyar yau ta fi zuma."

"Maƙaryaci! Khalamoni ce ta dafa, irin ta jiya ce sak."

Da ya gama karatu ya sami aiki, ya kai wa mahaifiyarsa zancen. Ammu, kamar yadda yake kiranta, ta yatsine fuska.

"Marainiya? Su wane ne danginta? Ga Farzana 'yar aminiyata, ka rufe ido?"

Da ƙyar da jiɓin goshi ta yarda za ta je ganin yarinyar a gidan baffanta. A nan Mizan ya tafka wauta, don tsoro ya sa ya tura wa Shiuli saƙo:

"Ammu za ta zo ran Juma'a. Don Allah Khala ta ɗan tsaya a kicin, in an ɗaura aure ma yi bayani."

"Wace Khala? Ni Khalamoni gare ni. Inda ba ta zauna ba, ni ma ban zauna ba."

Daga nan ta kashe wayarta.

Ran Juma'a suka je, shi da Ammu da ƙanwarta Rehana, wato tasa Khalamonin. Shiuli na zaune kanta a ƙasa, ko kallonsa ba ta yi ba. Monowara ta shigo da tiren shayi, zanen sarin da ke jikinta ya koɗe, hannuwanta duk kaushi.

"Khala, ƙaro mana ruwa," in ji Ammu ba tare da ta dube ta ba.

Rehana ta ce, "Ke 'yar gidan ce?"

"A'a, ranki ya daɗe, aiki nake taya su."

Wayyo! Ba wanda ya sa ta, ita ta zaɓi ta shafe kanta don auren 'yarta ya yiwu. Shiuli ta yunƙura za ta tashi, idonta taf da hawaye. Kunya ta kama Mizan har ƙashi. Ya riga ta miƙewa, ya karɓi tiren ya ajiye, ya durƙusa ya taɓa ƙafafun Monowara, gaisuwar da ba a yi wa kowa sai iyaye.

"Khalamoni, zauna. Ammu, wannan ita ta raini Shiuli. Kuma ita ta ciyar da ni duk zamana a makaranta, ina yi mata ihu."

Ammu ta mayar da zoben baikon da ta zo da shi cikin jaka, ta fice. A keke mai ƙafa uku, kan hanyar komawa gida, Rehana ta dubi Ammu.

"Yaya, da kin mutu Mizan na goye, wallahi ko tukwanen garin nan kaf ne zan wanke in raine shi. Sai ki so a ɓoye ni a kicin ranar aurensa?"

Ammu ta kwana tana juya maganar. Da safe ta miƙa wa Mizan zoben, ta ce, "Nemo mota, mu koma."

Ranar shafa kurkum, wadda take kamar ranar lalle a wajensu, ango da amarya suna zaune cikin furanni, dangi sun yi layi, aka nemi Monowara aka rasa. Tana bakin murhu, hali zanen dutse. Ammu da kanta ta je ta riƙo hannunta ta kawo ta gaba.

"Yaya, uwa ke farawa. Bismillah."

Monowara ta lakato kurkum, ta shafa a goshin Shiuli, ta shafa a na Mizan.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya. Allah Ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyarku a gaban mutane ba."

"Amin, Khalamoni," suka ce a tare, gida ya ɗauki guɗa.